Yadda za ka lissafa shekarun da ƙwayar cuta ta yi tana yawo daga haruffanta, da misalin shan inna

A watan Agustan 2016 aka sanar da samun yara biyu da shan inna ta kama a jihar Borno, ɗaya a Gwoza ɗaya a Jere, bayan Najeriya ta yi shekara biyu cur ba a ga ko mutum ɗaya da ainihin ƙwayar daji ta kama ba tun wanda aka samu a Sumaila ta jihar Kano a Yulin 2014. Da aka karanta haruffan kundin halittar ƙwayar a lab sai aka ce jikanyar wadda aka yi wa ganin ƙarshe a Borno a 2011 ce, wato ta yi wajen shekara biyar tana yawo daga cikin wannan yaro zuwa na wancan ba wanda ya sani. To ta yaya aka san haka alhali ba wanda ya bi ta a baya? Lissafi ne, kuma wallahi gindin lissafin bai fi ƙarfin wanda ya yi logaridim a sakandare ba. Shi nake so in bi da kai daki-daki, kuma shawarata tun daga farko ita ce ka yi shi da hannu da kalkuleta sau ɗaya kafin ka taɓa kowace manhaja, don wanda bai taɓa yi da hannu ba duk abin da kwamfuta ta tofo masa karɓa zai yi.

Fara da fahimtar me ma ake ƙirgawa

Ka tuna yadda ake kwafar waƙoƙin ajami da hannu a da. Malam ya rubuta, almajiri ya kwafa ya yi kuskure a harafi ɗaya, wani ya kwafa daga na almajirin ya gaji wancan kuskuren ya kuma ƙara nasa. Idan aka kawo maka kwafi goma yau, daga kurakuran da suka yi tarayya a kai za ka iya gane wa ya kwafa daga wa, kuma wanda ya fi tara kurakurai ka san ya fi bi ta hannuwa da yawa. Bairos haka take. Kundin halittar ƙwayar shan inna haruffa ne kusan 7,500 da aka jera daga haruffa huɗu kacal, A da C da G da U, amma a fayil za ka ga an rubuta T a madadin U, kar wannan ya ruɗa ka. Sinadarin da ke kwafar kundin nata ba ya komawa ya duba aikinsa, don haka kurakurai suna taruwa da sauri.

Masu aikin shan inna ba duka kundin suka saba karantawa ba, yanki ɗaya ne mai suna VP1 wanda a nau'i na 1 yake da haruffa 906. Wannan yankin yana sauyawa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, adadin da aka fi amfani da shi 1.1 ne, ka ga kenan kusan haruffa 10 duk shekara. Wannan shi ake kira agogon halitta, tunanin da Zuckerkandl da Pauling suka fara kawowa a 1962. Ƙwayar korona ta fi haka jinkirin sauyawa sosai don ita tana da mai duba mata kwafi, a haruffanta kusan 30,000 sauyi biyu ne ko makamancin haka a wata.

Abu ɗaya ka riƙe a nan, kuskuren da ake yi wajen kwafi daban, sauyin da ya zauna ya bi zuri'a daban. Yawancin kurakuran kashe ƙwayar suke yi ko su raunana ta su ɓace. Waɗanda suka tsira su muke ƙirgawa.

Mataki na farko: tara jerin haruffan, kowanne da ranarsa

Ka shiga GenBank, rumbun da hukumar NCBI ta Amurka ke kula da shi, kyauta ne. Nemo jerin VP1 na nau'i ɗaya kawai, kar ka gwamutsa nau'i na 1 da na 2 da na 3, ka sauke su a tsarin FASTA, wato fayil mai sunan kowane jeri da haruffansa. Guda 30 zuwa 60 sun ishe ka koyo. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ranar da aka ɗauki samfurin daga jikin mara lafiya ko daga ruwan kwata, ba ranar da aka ɗora shi a intanet ba, waɗannan biyun sukan yi tazarar shekaru. Ka sa ranar a ƙarshen sunan kowane jeri a tsari iri ɗaya, kuma ka tabbata samfuran sun bazu a kan shekaru da yawa, don idan duk na wata uku ne agogon bai kai ga bugawa ba balle ka auna shi.

Mataki na biyu: daidaita sahu

Dole harafi na 100 a wannan jerin ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da harafi na 100 a wancan. Manhajar MAFFT tana yin wannan da layi ɗaya:

mafft --auto jeri.fasta > sahu.fasta

Sai ka buɗe a AliView ka duba da idonka. Idan ka ga jeri ɗaya ya fita daban launinsa duk ya saɓa da na sauran, ko dai an juya shi baya ne ko kuma ba ɗan gidan ba ne, cire shi. Ka datse bakin farko da na ƙarshe inda wasu suka fi wasu tsawo.

Mataki na uku: ƙirga bambanci, sannan ka gyara ƙirgar

Nan ne zuciyar aikin take, don haka zan ɗan daɗe. Ɗauki jeri biyu, mu ce misali ka ƙirga ka ga sun saɓa a wurare 45 cikin 906. Wannan adadin ni na ƙirƙire shi don darasi. Raba 45 da 906 ka samu 0.0497, mu kira shi p.

Matsalar ita ce p yana rage gaskiya. Wuri ɗaya zai iya sauyawa daga A zuwa G sannan daga G zuwa T, sauyi biyu kenan amma kai ɗaya za ka gani. Zai iya tafiya daga A zuwa G ya sake dawowa A, sauyi biyu kai kuma ba ka ga komai ba. Kamar sawu ne a hanyar kasuwa, wani ya taka kan na wani, in ka ƙirga sawun da ke ƙasa da yamma ba za ka samu adadin waɗanda suka wuce ba.

Thomas Jukes da Charles Cantor a 1969 suka kawo gyara mafi sauƙi. Suka ɗauka cewa kowane harafi zai iya komawa kowanne cikin sauran ukun da dama iri ɗaya, kuma kowane wuri yana sauyawa ba ruwansa da maƙwabcinsa, kuma abin da zai faru gaba ya dogara ne kawai da harafin da ke wurin yanzu, ba da tarihinsa ba. Daga nan sai lissafi ya ba da cewa

p = 3/4 × (1 − e^(−4d/3))

inda d shi ne ainihin yawan sauyin da ya faru a kowane wuri. Ka lura da 3/4 ɗin nan. Ko da jeri biyu ba su haɗa komai ba, tunda haruffa huɗu ne kawai, za su dace a wuri ɗaya cikin huɗu haka kawai, shi ya sa bambancin da ido ke gani ba ya wuce kashi 75. Mu kuma d muke nema, sai mu juya lissafin:

d = −3/4 × ln(1 − 4p/3)

Sa 0.0497 a ciki. 4p/3 ya ba da 0.0662, cire shi daga 1 ya rage 0.9338, ln ɗinsa (logaridim, maɓallin ln a kalkuleta) −0.0685, ninka da −0.75 ka samu 0.0514. Ninka da 906, wajen sauyi 47 kenan maimakon 45. Za ka ce ai gyaran bai taka kara ya karya ba, haka ne a nan, amma gwada p = 0.30 ka ga d ya zama 0.38, gwada 0.50 ka ga ya haura 0.82. Da zarar ka doshi 0.75 lissafin ya watse gaba ɗaya, ma'ana jerin sun ƙoshi da sauyi har tarihin ya goge, kuma ba wata manhaja da za ta dawo maka da shi.

Sai dai zaton Jukes da Cantor bai dace da yadda bairos take ba. A da G 'yan ɗaki ɗaya ne a siffa, C da T ma haka. Sauyi tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, mu kira shi sauyin cikin gida, ya fi sauyin tsallake yawa nesa ba kusa ba, a shan inna ya kai kusan ninki goma. Motoo Kimura ɗan Japan a 1980 ya raba su biyu, P na cikin gida, Q na tsallake:

d = −1/2 × ln(1 − 2P − Q) − 1/4 × ln(1 − 2Q)

A misalinmu in 41 na cikin gida ne 4 na tsallake, P = 0.0453, Q = 0.0044, d ya fito 0.0521. Ya ɗan ɗaga kaɗan, kuma hankali zai ɗauka, tunda sauyin yana yawan kai-komo tsakanin haruffa biyu to sawun da ke take juna ya fi yawa.

Duk sauran sunayen da za ka gani a manhaja kan wannan turbar suke, ana dai sassauta zato ne ɗaya bayan ɗaya. HKY na 1985 ya ƙara cewa haruffan huɗu ba daidai suke a yawa ba. GTR na Tavaré a 1986 ya ba kowace hanya cikin shida da ke tsakanin haruffan nata saurin. Wanda ni na fi ganin muhimmancinsa shi ne +G, wanda Ziheng Yang ya sauƙaƙa amfani da shi a 1994, yana cewa wurare ba sa sauyawa da sauri ɗaya. Haruffa uku-uku ake karantawa wajen haɗa furotin, kuma sau da yawa in harafi na uku ya sauya ma'anar ba ta sauyawa, don haka can ne sauyin shan inna yake dandazo, na ɗaya da na biyu kuwa kusan a daskare suke. In ka manta da wannan za ka gajarce dogayen rassa, tsofaffin shekarunka duk su matso kusa.

Mataki na huɗu: mayar da d zuwa shekaru

d daidai yake da sauri sau tsawon hanyar da ke tsakanin jerin biyu. Kalmar hanya ce take kayar da mutane, don haka kula.

Raba 0.0514 da 0.011, wato saurin nan na kashi 1.1 cikin 100 a shekara, ka samu shekara 4.7. In samfurin farko na 2011 ne na biyu na 2016, tazarar shekara 5 ta yi daidai da 4.7, ka ga na biyun kusan kai tsaye ya gangaro daga dangin na farkon. Amma in duka biyun a wata ɗaya aka ɗauke su, to hanyar ta haura zuwa kakansu ne ta sake gangarowa, sai ka raba biyu, kakan ya rayu wajen shekara 2.3 da suka wuce. In kuma samfuran na 2011 da 2016 ne amma d ya fito 0.09, hanyar ta zama shekara 8.2, cire 5 ɗin da ka sani, ragowar 3.2 ka raba biyu, kakansu yana wajen shekara ɗaya da rabi kafin samfurin 2011, 'yan uwan juna ne kenan ba uba da ɗa ba.

Yanzu abin da na fi damuwa da shi. Sauyi ba ya zuwa kamar albashi, goma daidai duk shekara. Kamar saukar ruwan farkon damina yake, wata shekara 6 wata 14. Irin wannan ƙirgar tana bin tsarin Poisson, kuma dabarar gaggawa ita ce ka ɗauki tushen murabba'in adadin ka ninka biyu. Na 47 ya kusa 7, sau biyu 14, don haka tsakanin 33 da 61, wato tsakanin shekara 3.3 da 6.1. Amsarka kenan ta gaskiya. Duk wanda ya ce maka 4.7 ya yi shiru bai gama magana ba.

Da irin wannan ma'aunin ne ake kiran ƙwaya marainiya, in ta saɓa da mafi kusa da ita a rumbu da fiye da kashi 1.5, alamar ta yi fiye da shekara tana yawo sa ido bai kama ta ba. Shan inna ta ƙware a haka don cikin wajen mutum 200 da ta shiga ɗaya take shanyewa, sauran suna ɗauke da ita lafiya lau, ga kuma garuruwan Borno da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi da masu ɗaukar samfuri shiga a waɗancan shekarun.

Mataki na biyar: bishiyar nasaba

Jeri biyu kawai muka yi. In 50 ne sai bishiya. IQ-TREE ita na fi ba mai koyo shawara:

iqtree2 -s sahu.fasta -m MFP -B 1000

MFP zai gwada tsare-tsaren da muka lissafa a sama ya zaɓi wanda ya fi dacewa ba tare da ya cika kaya ba. Abin da manhajar ke yi shi ne ta ɗauki bishiya ta tambaya, in wannan ce gaskiya mene ne yiwuwar a samu waɗannan haruffan, ta yi ta sauya rassa har ta kai ga wadda yiwuwarta ta fi yawa, hanyar da Joseph Felsenstein ya shimfiɗa a 1981. Shi kuma -B 1000 gwajin ƙarfin kowane reshe ne, a wannan nau'in gwajin mai sauri reshen da bai kai 95 ba kar ka gina magana a kansa. Buɗe sakamakon a FigTree.

Mataki na shida: auna agogon da kanka

0.011 ɗin nan aro muka yi. Gara ka duba ko bayananka sun yarda da shi. Sa bishiyar a TempEst, ka ba ta ranaku, ka ce ta nemo saiwar da ta fi dacewa. Za ta zana maka hoto, a kwance shekarar samfuri, a tsaye nisansa daga saiwa. In ɗigon suna hawa a layi to akwai agogo, gangaren layin shi ne saurin, inda ya taɓa ƙasa kuma shi ne kimanin shekarar kakan kowa. In sun watse kamar an zubar da gero to tsaya nan, bayananka ba za su ba da shekara ba, kuma ci gaba zuwa manhaja mafi girma ba zai gyara wannan ba.

Ɗigon da ya yi nisa da layi ka bi shi. Wanda ya faɗo ƙasa sosai, sabon samfuri ne mai tsohon jeri, yawanci ranar ce ba daidai ba ko an gurɓata shi a lab ko kuma ƙwayar rigakafin ɗigon baki ce, wato ta Sabin, ta shigo maka cikin fayil. Wanda ya haura sama kuwa ko karatun haruffan ne bai yi kyau ba ko ƙwayar ta yi musayar gutsure da wata. Shan inna tana yawan yin wannan musayar da danginta na hanji, galibi ba a cikin yankin ɓawonta inda VP1 yake ba, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa VP1 ya fi daɗin aiki kenan. In duka kundin za ka yi amfani da shi to ka fara tace shi da RDP, manhajar gano irin wannan musayar, don bishiya ta ginu ne a kan cewa kowane jeri uba ɗaya gare shi.

Mataki na bakwai: BEAST, in ana bukata

Wannan na wanda zai rubuta rahoto ne ko kundin digiri. A BEAUti, manhajar da ke shirya wa BEAST fayil, ka loda sahun, ka sa ranaku, ka zaɓi HKY+G ko abin da IQ-TREE ta nuna, ka fara da tsayayyen agogo kafin mai sassauci wanda ke barin kowane reshe da nasa saurin. BEAST ba ta ba ka bishiya ɗaya, dubbai take tarawa gwargwadon yadda kowacce ta dace da bayanan. Duba sakamakon a Tracer, zubar da kashi 10 na farko, duk abin da ESS ɗinsa, ma'aunin ko gudun ya wadatar, bai kai 200 ba ka ƙara tsawon gudun. Ka gudanar sau biyu daban-daban ka ga ko wuri ɗaya suka sauka. Karamar laftof za ta iya da jeri 50 na VP1, amma ka tanadi caji don in wuta ta ɗauke a tsakiya haushin ba kaɗan ba ne. Wanda ke gaggawa TreeTime za ta ba shi kimanin amsa cikin mintoci.

Tarkuna biyu da suka kama har manya

Na farko, saurin da ka auna a gajeren lokaci yakan fi na dogon lokaci, don sauye-sauyen da ke cutar da ƙwayar ba su riga sun ɓace ba. A 2014 binciken farko kan jerin Ebola daga Saliyo ya nuna sauri kusan ninki biyu na wanda aka sani, hankula suka tashi, da samfura suka ƙaru sai adadin ya sauko. Kar ka ɗauki saurin wata uku ka auna shekara talatin da shi.

Na biyu, bishiya ta san abin da aka kawo mata ne kawai. In garin da ke da lab ya aiko samfuri ɗari maƙwabcinsa bai aiko ko ɗaya ba, lissafin zai nuna kamar daga garin farko cutar ta taso, alhali su dai su suka duba. Don haka kakan da ka lissafa kakan samfuranka ne, ba lallai shi ne farkon ɓarkewar ba, kuma reshe biyu da ke kusa ba hujja ba ce cewa wane ne ya sa wa wane. Wannan ya shafi mutuncin mutane da na garuruwa, a yi hattara da shi ƙwarai.

In ka zo rubuta sakamakon ka faɗi yankin da ka yi amfani da shi da tsawonsa, yawan jerin da shekarun da suka ratsa, waɗanda ka cire da dalilin cire su, tsarin sauyin da ka zaɓa, saurin da ka samu ko ka ara da inda ka aro shi, sannan shekarar kakan tare da iyakarta ta ƙasa da ta sama. Ka ajiye fayil ɗin sahun da layukan umarnin da ka buga a wuri ɗaya, don wanda zai duba aikinka su zai fara nema.